Mura ta kama ka kuma kana son fita motsa jiki: ga yanda za ka yi

Duk wanda ya taɓa yin hunturu ko guda ɗaya a Jos ya san mura ba baƙuwa ba ce a garin nan. Daga ƙarshen Nuwamba har cikin Fabrairu, kusan duk gidan da ka shiga sai ka tarar da wani yana jan hanci, wani na atishawa, yara kuwa majina har baki. Garin yana kan tsauni ne, kusan mita 1,200 sama da teku, shi ya sa a Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauka zuwa digiri 11 ko ma ƙasa da haka, ga hazo ga ƙura ga iska busasshiya da take tsattsage leɓe da cikin hanci. Amma duk da haka in ka fito bayan sallar asuba za ka ga mutane a titin Bauchi da titin Zariya da wajen Rayfield suna sassarfa, wasu sun nufi filin Rwang Pam, wasu kuma filin ƙwallon unguwa, kuma ina cikinsu shekara da shekaru. To tambayar da ake yawan yi min a wannan lokacin ita ce, mura ta kama ni, in fita ko in kwanta?

Bari in fara da maganar da ta fi damuna, wato wannan cewar da ake yi wai ka je ka yi gudu ka haɗa gumi mura za ta fita. Wallahi ba ta fita ta gumi. Mura ƙwayar cuta ce ta bairos, akwai irinta sama da 200, ta shiga hanci da maƙogwaro ta zauna, garkuwar jikinka ce take yaƙi da ita har ta kore ta, kuma yawanci abun yana ɗaukar kwana 7 zuwa 10 ko ka yi gudu ko ba ka yi ba. An ma taɓa gwadawa a Jami'ar Ball State da ke Amurka, aka wallafa a 1998, inda aka sa wa wasu matasa ƙwayar mura a hanci da yardarsu, wasu suka riƙa motsa jiki na minti 40 suna tsallake kwana ɗaya ɗaya, wasu suka huta, da aka duba sai aka ga babu wani bambanci, ba ta fi tsanani ga masu motsa jikin ba kuma ba ta fi saurin sakinsu ba. Ma'ana motsa jiki daidai wa daida ba zai ƙara maka murar ba, amma kuma ba magani ba ne. Abun da kake ji in ka yi ɗan tattaki hancinka ya buɗe gaskiya ne, jijiyoyin jinin cikin hanci ne suke ɗan tsukewa na wani lokaci, ba da jimawa ba bayan ka tsaya toshewar ta dawo abunta.

Dalilin da ya sa nake ɗaukar maganar da zafi shi ne ƙanina. Shekarar da ta wuce wajen tsakiyar Disamba ya tashi ranar Asabar da ciwon kai da jan hanci, jikinsa da ɗumi, suna da wasa da wata unguwa ƙarfe huɗu. Na taɓa goshinsa na ce kai wannan ba jikin fita ba ne, ya ce min, Yaya mura ce kawai, na sha parasitamol, in na yi gumi za ta sake ni. Ya ɗauki takalminsa ya fita. Ko hutun rabin lokaci ba a kai ba abokansa suka kawo shi a keke napep, ya yi amai a fili, idonsa ya yi ja, rigar ta jiƙe sharkaf amma yana rawar sanyi haƙoransa na haɗuwa. Da muka kai shi asibiti aka yi gwaji ashe maleriya ce ta haɗu da murar, kwana biyu ya yi ana masa ƙarin ruwa, Hajiyarmu kuwa ba ta runtsa ba a daren farko tana zaune bakin gadon da carbi a hannu. Duk wannan saboda wasa ɗaya da za a iya bugawa ba shi.

To ga yanda ake gane ko za a fita. Likitocin 'yan wasa suna da wata ƙa'ida mai sauƙi, ka ɗauki wuyanka a matsayin iyaka. In duk abun da ke damunka daga wuya ne zuwa sama, wato majina, toshewar hanci, atishawa, ɗan ƙaiƙayin maƙogwaro, idanu na ruwa, kuma jikinka da ƙarfinsa ba zazzaɓi, to za ka iya fita amma ka rage. In kuwa abun ya sauko ƙasan wuya, ƙirji ya cushe, tari mai fito da kaki daga can ciki, numfashi na ƙara kamar usur, gaɓoɓi da tsoka na ciwo kamar an yi maka duka, ciki na murɗawa ko gudawa ko amai, to ranar ba ranar motsa jiki ba ce, ka nemi bargo.

Zazzaɓi kuwa shi ba a ma tattaunawa a kansa. In ma'aunin zafin jiki ya nuna 38 ko sama, ka zauna a gida, kuma dan Allah duk mai motsa jiki ya sayi wannan ɗan ma'aunin a kemis ya ajiye, ba shi da tsada, ya fi taɓa goshi da bayan hannu. In babu, alamun a fili suke, kana jin sanyi yana ratsa ka alhali wanda ke kusa da kai ba ya ji, ko ka farka da dare ka ga filo ya jiƙe da gumi. Jiki mai zazzaɓi ya riga ya yi zafi, zuciya ta riga tana gudu fiye da yanda ta saba, ruwa yana ƙarewa a jiki, sai kuma ka zo ka ɗora masa gudu wanda shi ma zafi yake ƙarawa yana zubar da ruwa, ai ka haɗa masa biyu. Abun da ya fi wannan ban tsoro shi ne wasu ƙwayoyin bairos suna iya taɓa naman zuciya ya kumbura, ba kasafai yake faruwa ba amma yana faruwa, kuma matasa masu ƙarfi ne ya fi kamawa, wanda ya same shi in ya matsa wa kansa da gudu bugun zuciyarsa zai iya rikicewa ya faɗi a fili, kuma ko an gano da wuri likitoci kan hana mutum wasa wata 3 zuwa 6. Ka ga kwana uku a gado ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Kuma a ƙasarmu in dai zazzaɓi ya shigo, kar ka yanke hukunci da kanka cewa mura ce. Maleriya tana farawa da ciwon kai da kasala da ciwon jiki irin na mura sak, kuma kar sanyin Jos ya ruɗe ka ka ce ai ba sauro yanzu, mutum zai iya ɗauko ta kwana goma ko sati biyu da suka wuce a wata tafiya Bauchi ko Lafiya ko Abuja sai yanzu ta fito. Gwajin yatsa minti 15 zuwa 20 ne ya ba ka amsa.

Kar kuma ka yi abun da ƙanina ya yi, ka sha parasitamol zafin ya sauka ka ce ka warke. Maganin ya rufe zazzaɓin ne kawai, cutar tana nan. Abun da ake so shi ne ka yi aƙalla awa 24 cur babu zazzaɓi kuma ba tare da ka sha maganin sauke shi ba, kafin ma ka fara tunanin takalmi, ni a nawa ra'ayin ma ka ƙara kwana ɗaya a kai ba asarar komai.

Akwai wata dabara da nake yi kullum da safe, kafin in sauko daga gado sai in ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa in ƙirga bugun na minti ɗaya. Na babba mai lafiya yana tsakanin 60 da 100, masu gudu sosai nasu yakan yi ƙasa da haka. Muhimmin abu ka san naka na ranakun lafiya. In ka tashi ka ga ya haura wanda ka saba da kamar bugu 10 ko fiye, jikinka yana wani aiki a ciki, ka ba shi ranar.

To mu ce ka duba, daga wuya ne zuwa sama, ba zazzaɓi, kuma zuciyarka na son fita. Abu na farko ka canza lokaci. Na san daɗin fita bayan asuba, titi ba motoci ba hayaniya, amma iskar ƙarfe shida a watan Janairu a garin nan ga mai mura azaba ce, sanyinta da bushewarta suna shiga maƙogwaro kai tsaye su tayar da tari. Ka bari sai rana ta ɗan ɗaga wajen ƙarfe tara ko goma in aikinka ya bari, ko kuma bayan la'asar kafin sanyin magariba ya sauko. Ranar da hazo ya yi kauri har ba ka hango duwatsun Shere daga cikin gari, ranar ka yi naka a tsakar gida ko a ɗaki. Ka kauce wa manyan tituna irin wajen Terminus ko Farin Gada inda hayaƙin mota da ƙura suka haɗu, ka nemi layin da ba cunkoso.

Sai ka yi gwajin minti goma. Ka fara da tafiya a hankali, ba gudu ba, ka saurari jikinka. In bayan minti goma ka ji hanci ya buɗe, jiki ya saki, kai bai yi nauyi ba, to ci gaba. In kuwa ka ji kai na sarawa da kowane taku, ko jiri, ko ƙafafu kamar an ɗaura musu dutse, ko tari ya taso, ka juya gida a nan take, ba abun kunya ba ne, shi ya sa ma ranar mura nake zagaya kusa da gida maimakon in miƙe hanya mai nisa wadda dawowa zai zama aiki.

Yawan abun kuwa ka raba biyu. Mai gudun minti 40 ya yi 20, kuma a hankali, mai sassarfa ya koma tafiya da ɗan sauri. Ma'aunin da ba ya buƙatar agogo shi ne magana, in za ka iya yi wa na kusa da kai cikakkiyar magana ba tare da haki ya katse ka ba to daidai kake, in sai ka tsaya jan numfashi tsakanin kalma da kalma ka wuce gona da iri. Gudun tsere, hawan dutse, tsallen igiya mai tsanani, cikakken wasan ƙwallo na minti 90, duk a ajiye su. Masu ɗaga ƙarfe su rage nauyi sosai su bar wanda sai an riƙe numfashi an yi nishi, saboda da toshewar hanci wannan matsin yana hawa kai da kunne, kuma in jiri ya ɗebe ka ƙarfe na sama da ƙirjinka abun ba kyau. Ninƙaya ma a bari, ruwan sanyi ga sinadarin da ake zubawa a kwamin wanka yana ƙara fusata hanci. 'Yan uwa mata da ke yin nasu a gida da bidiyon waya, ke ma haka, ki zaɓi na miƙe jiki da tafiya a wuri ɗaya, ki bar masu tsalle-tsallen sai kin warware.

Maganar kaya, kar ka jibga suwaita mai kauri ɗaya da niyyar haɗa gumi. Ka sa riga mara nauyi a ciki, wata a kai, sai jaket da za ka iya zugewa in jiki ya ɗumama, duk ana samunsu a gwanjo a Katako ko Terminus. Hular sanyi da ta rufe kunne, safa, sannan takunkumi ko rawani ko mayafi a hanci da baki, yana tare ƙura kuma yana ɗumama iskar kafin ta shiga. Ka yi ƙoƙarin shaƙa ta hanci in zai yiwu don aikinsa ke nan ya ɗumama iska ya jiƙa ta, in ya toshe gaba ɗaya har sai da baki kaɗai to wannan ma alama ce ta ka rage sauri. Da ka dawo kar ka tsaya hira wajen mai shayi da jiƙaƙƙiyar riga iska na dukanka, wannan kuskuren kusan kowa na yi, ka wuce gida ka cire, ka yi wanka da ruwan ɗumi, ka shafa mai, sannan ka fito shan shayin in kana so.

Ruwa. A hunturu mutum ba ya jin ƙishi shi ya sa ake mantawa, alhali busasshiyar iskar nan tana zuƙe ruwan jiki ta numfashi, ga majina ita ma ruwa ce take fita. Ka sha kafin ka fita, ka riƙe leda ɗaya ta fiya wata ko gora, ka sha in ka dawo. Fitsarinka zai gaya maka gaskiya, in ya yi ja ja ruwa bai ishe ka ba. Shayin citta da kanumfari da lemun tsami da zuma, kunu mai zafi, farfesu, duk suna sanyaya maƙogwaro su sassauta majina, ba sa kashe ƙwayar amma suna sa ka ji dama kuma ruwa ne ke shiga jiki. Zuma kam tana rage tari da gaske, sai dai ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba. Sirace da ruwan zafi ma yana ɗan buɗe hanci, a kula dai da yara kar ruwan ya zube musu. Sannan tunda muna maganar sanyi, dan girman Allah kar a kunna gawayi a rufe ɗaki a kwanta don jin ɗumi, hayaƙinsa da ba a gani ba a jin wari yana kashe mutane cikin barci.

Yanzu maganin kemis, nan ma akwai abun lura sosai. Magungunan mura na haɗi irin su Procold da Mixagrip ba abu ɗaya ba ne a ciki, akwai parasitamol, akwai na tsayar da majina wanda ke sa barci irin na Piriton, akwai kuma na buɗe hanci, in ka juya bayan kwalin za ka ga an rubuta pseudoephedrine ko phenylephrine. Wannan na buɗe hancin yana iya ƙara bugun zuciya ya ɗaga hawan jini, to ka sha shi kuma ka fita gudu, zuciya ta samu bulala biyu. Mai sa barcin kuma yana rage maka kuzari da lura, ga ka a gefen titi motoci na wucewa. Shawarata in za ka motsa jiki ka yi kafin ka sha, ko ka bar maganin sai dare, mai hawan jini kuwa kar ya sha irin waɗannan sai ya tambayi likita ko mai ilimin magani. Kuma kar ka haɗa su da wani parasitamol daban ba lissafi, babba ba ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya 8 ta miligiram 500, wuce haka hanta yake ci. Kafso irin su Ampiclox da ake saya da an ji mura kuwa ba abun da suke yi wa bairos, asarar kuɗi ce da lalata maganin ranar da za a buƙace shi da gaske.

Sai hakkin mutane. Kwana 2 zuwa 3 na farko su ne mura ta fi yaɗuwa, ta atishawa da tari da kuma hannu, ka fyace hanci ka kama ƙarfen jim, wato gidan motsa jiki, na bayanka ya kama ya shafa ido, shikenan ya ɗauka. Saboda haka a kwanakin nan ka bar zuwa jim, ka yi naka kai kaɗai a waje. A filin ƙwallo kuma al'adar nan ta leda ɗaya ko gora ɗaya ta zagaya bakin mutum biyar, in kana mura ka ce a'a ka riƙe taka. Ka riƙa yawo da hankici ko tishu, ka yi atishawa a cikin gwiwar hannu, ka wanke hannu da sabulu da ka dawo kafin ka ɗauki yaro ko ka gaisa da tsofaffin gida.

Akwai waɗanda ƙa'idar wuyan nan ba ta ishe su ba. Mai asma, mura da iska mai sanyi da gudu duk ukun suna tayar masa da ciwon, in zai fita ma to abun shaƙarsa na aljihu, in ƙirji ya fara ɗaurewa ya tsaya. Mai sikila, sanyi da ƙarancin ruwa da rashin lafiya su ne manyan masu tayar da ciwon ƙashi, gara ya huta gaba ɗaya ya sha ruwa ya lulluɓe. Mai ciwon zuciya, mai suga, mai juna biyu, da iyayenmu dattawa da ke tattaki da safe, su ɗan zagaya tsakar gida ya wadatar har sai sun ji sauƙi ko sun ji ta bakin likitansu.

In kana cikin motsa jiki ko bayan ka gama ka ji ciwo ko nauyi a ƙirji, ko zuciya na bugawa ba tsari kamar tana tsallake, ko numfashi ya gagara fiye da ƙima, ko ka ji kamar za ka suma, wannan asibiti ne kai tsaye ba a jira gobe. Haka in murar ta wuce kwana 10 ba sauƙi, ko ta yi kamar ta tafi sai ta dawo da zazzaɓi da ciwon fuska ko kunne. Ɗan busasshen tari yakan iya binka har sati uku bayan mura, amma tarin da ya haura sati biyu musamman da rama ko gumin dare ko jini a kaki, a je a yi gwajin tarin fuka, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da ke yinsa, maganin ma kyauta ne.

Na san abun da ke hana yawancinmu hutawa tsoro ne, kar ƙarfin da aka tara ya zube, kar tumbi ya dawo, kar koci ya ba wani lambarka. Hutun sati ɗaya ba ya rushe aikin watanni, sai an yi kamar sati biyu ba a komai sannan numfashi ke fara raguwa a fili, kuma yana dawowa da sauri. Ranar da ka koma kar ka ce sai ka rama kwanakin da ka rasa. Ranar farko tafiya ta minti 20, washegari in ka tashi garau ka ɗan yi sassarfa rabin abun da ka saba, ka riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan, in zazzaɓi ya kwantar da kai ne ka ba kanka sati ɗaya ko fiye kafin ka koma cikakken tirenin, in kuma a hanya ka ji kasala ta dawo ko bugun safe ya sake hawa sai ka koma baya taku ɗaya. Ƙanina bayan an sallame shi sai da ya yi kwana goma yana zagaya layinmu da ƙafa da la'asar, hula a kai gora a hannu, sati na uku ya koma fili aka sa shi minti 20 na ƙarshe, sai a wasan da ya biyo baya ya buga daga farko.